Sabon zuwa Alƙahira: don Allah a koya min shiga metiro

Baƙon Abbasiyya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ban daɗe da sauka Alƙahira ba, karatu ne ya kawo ni Azhar, kuma tare da iyali na zo. Mun samu ɗan gida a wajen Abbasiyya. Tun zuwana tasi nake hawa ko in kira Uber, guzurin kuwa sai zagwanyewa yake yi. Duk wanda na yi wa kuka sai ya ce min "ka shiga metiro mana", wato jirgin ƙasa na cikin gari. To na je na leƙa tashar, na ga jama'a na kwarara ciki da waje, kowa ya san inda ya dosa ban da ni. Don Allah waɗanda suka daɗe a gari su yi min bayani dalla-dalla: yaya ake yankar tikiti, yaya mutum zai gane jirgin da zai hau, kuma yaya zan yi in muna tare da maiɗakina? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Ɗalibi: Wa alaikumus salam, barka da zuwa ƙanina. Kwantar da hankalinka, abin bai kai yadda kake gani ba. Layi uku ne kacal ke aiki, kuma ba sai ka haddace tashoshi ba. Abin da za ka haddace shi ne sunan ƙarshen kowane layi, domin allunan cikin tasha ba sa cewa gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe suke rubutawa.

Layi na ɗaya: Helwan a kudu, Marg Jadida a arewa. Shi ne tsohon, tun 1987 aka buɗe shi, kuma shi ne metiro na farko a duk Afirka. Yawancinsa ma a sarari yake tafiya, tsakiyar gari kawai yake nutsewa ƙasa.

Layi na biyu: Shubra al-Khaima a sama, Munib a can ɓangaren Giza. Wannan yana ratsawa ta ƙarƙashin Kogin Nilu.

Layi na uku shi ne naka, don Abbasiyya a kansa take. Gefe ɗaya Adly Mansur. Ɗaya gefen kuma in ya kai Kit Kat sai ya rabu biyu, wani jirgin ya nufi Mihwar Rod al-Farag, wani ya nufi Jami'ar Alƙahira.

Sai wuraren canjin layi: Sadat da Shuhada (ɗaya da biyu), Ataba (biyu da uku), Nasir (ɗaya da uku), sai Jami'ar Alƙahira (biyu da uku). In ka riƙe waɗannan sunayen ka gama rabin karatun. Kafin ka sauka matakala ka tambayi kanka abu ɗaya: inda za ni, wajen wane ƙarshen yake?

Baƙon Abbasiyya: Na gode Yaya. Misali in zan je masallacin Azhar daga nan fa?

Tsohon Ɗalibi: Ka hau na uku wanda ya nufi Kit Kat, kowanne reshe ne ba ruwanka, don kafin su rabu ka sauka. Abbasiyya, Abdu Basha, Gaish, Bab Sha'ariyya, Ataba. Ka sauka Bab Sha'ariyya ko Ataba, ka ƙarasa da ƙafa ko da ƙaramar mota. Babu tashar da ke bakin masallacin.

Ɗan Hayyul Ashir: Malam, da girmamawa, daga Abbasiyya zuwa Darrasa, unguwar da masallacin Azhar yake, wa zai shiga rami? Motar haya ɗaya ce ta bi Salah Salim ta ajiye shi kusa da masallacin Husain, daura da Azhar. Ku daina nuna wa baƙi kamar metiro ne maganin komai. Mu da muke Hayyul Ashir a Madinat Nasr ina muka ga metiro? Kuma nan ne ɗalibai baƙi suka fi yawa. Filin jirgin sama babu shi. Dalar Giza bai kai ba, sai ka sauka tashar Giza ka nemi mota. Wanda bai iya maikurobas, ƙaramar motar haya, ba bai iya Alƙahira ba, magana ta gaskiya.

Tsohon Ɗalibi: Ban musa maka ba a kan Darrasa, motar ta fi sauƙi in hanya a buɗe take. Amma shi metiro ya tambaya. Kuma ka faɗa min, mutumin da bai gama jin Larabcin Misirawa ba, wanne ya fi masa sauƙi: jirgin da ke da taswira a manne saman ƙofa, sunayen tasha rubuce da Larabci da boko, yana tsayawa a kowace tasha ko an ce ko ba a ce ba, ko motar da direba ke kiran sunan unguwa a guje, fasinja na yi masa alama da yatsu? A metiro in ka wuce tasharka, sauka za ka yi ka zagaya ɗaya ɓangaren ka dawo. A maikurobas in ka wuce, Allah kaɗai Ya san inda za ka tsinci kanka.

Ɗan Hayyul Ashir: To ai a ƙarshe dole ya fito daga ramin ya hau motar. Gara ya koya tun yanzu.

Tsohon Ɗalibi: Zai koya. Amma da metiro zai fara sanin fasalin garin, ya san me ke gabas da kogi, me ke yamma. Bayan nan motocin ba za su ruɗa shi ba.

Bakatsine: Ku bar gardama ku ba mutum amsar tikiti, ita ce ta fi damunsa.

Ɗan'uwa, in ka shiga tasha za ka fara ɗora jakarka a na'urar bincike. Sai ka je taga. Kuɗin ya danganta da yawan tashoshin da za ka bi, ba da yawan layin da za ka canza ba. Farashin da aka sa a watan Agustan 2024 shi ne fam 8 na Masar zuwa tasha 9, fam 10 zuwa tasha 16, fam 15 zuwa tasha 23, fam 20 in ya haura haka. Ana yawan taɓa farashin nan, saboda haka ka duba takardar da ke manne a jikin tagar. Ba sai ka tsaya lissafi ba ma, ka faɗa wa mai tagar sunan tashar da za ka sauka ka nuna masa yatsu na yawan mutane, shi zai ba ka wanda ya dace. Ka riƙe canji a hannu kafin layi ya zo kanka, don na bayanka ba zai jira ka laluba aljihu ba.

Tikitin ɗan ƙaramin kati ne. Ka zura shi a bakin ƙofar ƙarfe, zai fito ta gaba, ka ɗauke ka wuce. KADA KA YAR DA SHI. Da shi za ka fita a tashar da ka sauka, a can ne na'urar za ta haɗiye shi. Wanda aka kama ba tikiti, ko ya sayi na tasha 9 ya yi tafiyar tasha 13, tara zai biya. Canjin layi kuma ba ya buƙatar sabon tikiti muddin ba ka fita ƙofar ba.

Tsohon Ɗalibi: Allah sarki. Lokacin da muka zo fam ɗaya ne ko ina za ka, daga Helwan har Marg. Sai 2017 aka mai da shi fam 2, a 2018 aka fara wannan na ƙidayar tasha.

Bakatsine: Malam kullum sai ka tuna mana zamanin fam ɗaya 😂 Ko a yanzun ma ka kwatanta da kuɗin tasi daga Abbasiyya zuwa Giza da yamma.

Ummu Khalil: Assalamu alaikum. Na ga duk kun tsallake tambayarsa ta uku, wadda ta shafi iyali. Bari in amsa tunda ni abin ya shafa.

Kowane jirgi yana da taragon mata a tsakiya. A kan dandamali akwai allo da aka rubuta "Sayyidat" da hoton mace, nan ne taragon zai tsaya. Mace tana da damar shiga kowane tarago, amma namiji ba ya shiga na mata, in ya shiga matan za su yi masa ca tun kafin ma'aikaci ya zo, kuma akwai tara. Shawarata, in lokacin cunkoso ne ta shiga na mata, kai ka shiga wanda ke manne da shi. Kafin ku rabu ku tsayar da magana: sunan tashar sauka, da yawan tashoshin da ke tsakani. Ta riƙe tikitinta a hannunta, kada ka haɗa duka a aljihunka. Wayarta da caji da kuɗin kira.

Abu Sumayya: Hajiya ni kam ban yarda da wannan ba. Matar da ba ta san gari ba, ba ta jin yaren, ka sake ta a tarago daban? In ita ta sauka kai ƙofa ta rufe da kai fa? Ko kai ka sauka ita jama'a suka tare ta? Ni iyalina a gefena take tsayawa, in sa ta a lungun ƙofar da ba a buɗewa in tsaya a gabanta. Haka Misirawa da yawa ke yi da matansu.

Ummu Khalil: Malam Abu Sumayya, ka taɓa tambayarta wanne ta fi so? Ba faɗa nake ba, tambaya ce. Da ƙarfe takwas na safe a Shuhada babu wani lungu da za ka kare, kai kanka ba da ƙafarka za ka shiga ba, jama'a ce za ta ɗauke ka. A taragon mata ma ana matsatsi, ba zan ɓoye ba, wani lokaci har ya fi, ga masu talla suna ratsawa da ɗankunne da safa da kayan kicin. Amma matsatsin mata ne da mata, hankalinta a kwance.

Batun rabuwa kuma yana da magani, kuma ko a tarago ɗaya kuke yana iya faruwa. Ƙa'ida ɗaya za ku yi: wanda ya sauka ya tsaya a kan dandamali kada ya motsa, kada ya fita ƙofa. Wanda jirgi ya wuce da shi ya sauka tasha ta gaba ya dawo. Jiragen ba sa jimawa tsakaninsu. Matsalar tana zuwa ne in kowa ya tafi neman kowa.

Sannan abin da ku maza ba ku cika dubawa ba: yau da gobe kai kana makaranta, ita ce za ta kai yaro asibiti, ita ce za ta je darasi ko gidan 'yar'uwa. In kullum a bayanka take tana kallon ƙeyarka, shekara za ta yi ba ta san sunan tasha ɗaya ba.

Abu Sumayya: Maganarki ta ƙarshe akwai ƙanshin gaskiya. Amma ni dai a makon farko ba zan raba ba.

Ummu Khalil: Wannan kuma daidai ne. Ku fara ranar Juma'a da safe, lokacin gari na barci, ku shiga tare, ka bar ta ita ta karanta alluna ta ja gaba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Ni abin da zan ƙara shi ne tarkon sunaye, don shi ya fi kama baƙo.

Tashar Nasir ba ita ce Madinat Nasr ba. Nasir tana tsakiyar gari, sunan shugaba Jamal Abdun Nasir ne. Mai neman Jami'ar Azhar ta Madinat Nasr in ya sauka nan ya yi hannun riga da inda za shi.

Tashar Ain Shams ba ita ce ta Jami'ar Ain Shams ba. Jami'ar tana nan kusa da ku a Abbasiyya, a layi na ɗaya Manshiyat Sadr ce kusa da ita. Tashar Ain Shams tana can gaba sosai wajen Matariyya.

Rod al-Farag guda biyu ce, ɗaya a layi na biyu cikin Shubra, ɗaya kuma Mihwar Rod al-Farag ƙarshen layi na uku. Ma'adi uku ce a jere: Hada'ik Ma'adi, Ma'adi, Sakanat Ma'adi. Marg biyu. In wani ya ce ku haɗu a Ma'adi ka tambaye shi wacce.

Sannan Shuhada, tsofaffi da direbobi za ka ji suna ce mata Ramsis, don a ƙarƙashin dandalin Ramsis take. Da sunanta Mubarak, bayan juyin 2011 aka canza. Sadat kuma ita ce ta dandalin Tahrir. In ka tambayi hanyar Tahrir a taswira ba za ka ga sunan ba.

Bakatsine: Wannan ta Nasir ɗin ta ci mutane da yawa wallahi.

Baƙon Abbasiyya: Subhanallah, da ni ma Nasir zan nufa in an ce min Madinat Nasr. To in mutum ya ruɗe a ciki, ai matambayi ba ya ɓata ko?

Ɗan Hayyul Ashir: A nan yana iya ɓata fa 😅 Mutanen garin nan akwai son taimako, har wani zai raka ka bakin jirgi. Amma wani ko bai sani ba kunyar cewa bai sani ba yake, sai ya nuna maka wata hanya da ƙarfin gwiwa. Ka tambayi mutum biyu, ko ka tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofar tikiti.

Tsohon Ɗalibi: Ga kalma ɗaya da dole ka sani, don za a yi maka ita tun ranar farko. In kana tsaye kusa da ƙofa jirgi ya doshi tasha, na bayanka zai taɓa kafaɗarka ya ce "nazil?", yana tambaya ko za ka sauka. In za ka sauka ka gyaɗa kai. In ba za ka sauka ba ka matsa ku yi musayar wuri tun kafin ƙofa ta buɗe. Kai ma haka za ka yi: saura tasha ɗaya ka fara matsowa kana tambayar na gabanka. Wanda ya zauna sai jirgi ya tsaya sannan ya miƙe, a Sadat ko Ataba, ba zai fita ba, masu shigowa za su mayar da shi ciki.

Lokutan da za ka kauce musu in kana da hali: safiya daga bakwai zuwa tara da rabi, da kuma daga biyu na rana zuwa magariba, Lahadi zuwa Alhamis, tunda nan Juma'a da Asabar ne hutu. Wayarka da kuɗinka a aljihun gaba. Jakar goyo ka juyo da ita ƙirji. Ba wai don metiron nan ya fi wani wuri ɓarayi ba, cunkoso ne kawai, ko a kasuwar Kurmi haka za ka yi.

Hajiyar Kasuwa: Ni ba ɗaliba ba ce, sari ke kawo ni, abaya da takalma. Abin da zan ce wa masu zuwa irin namu: ku je Ataba da metiro, amma kada ku dawo da shi in kun yi kaya. Matakalar nan da ƙullin kaya ba wasa ba ce, kuma ba kowace tasha ce ke da mai hawa da kanta ba. Sannan tashar tana da ƙofofin fita da yawa, in kin fita ta wadda ba ita ba sai kin sha zagaye cikin 'yan tebur. Ki ɗauki hoton ƙofar da kika fito da wani shago da ke kallonta.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta tuna min. Malam baƙo, tunda ɗalibi ne kai, ɗaya daga ƙofofin Ataba tana fitar da kai kusa da Sur Azbakiyya, kasuwar tsofaffin littattafai. Ka je da kuɗi kaɗan, in ka je da yawa ba za su dawo ba.

Abu Sumayya: Wani ya ce min na uku ya fi sauran tsafta, gaskiya ne kuwa? Ni a Faisal nake, na biyu na saba hawa.

Bakatsine: Shi ne sabo, 2012 aka fara buɗe shi daga Ataba zuwa Abbasiyya, ana ta ƙara masa tsawo har reshen Jami'ar Alƙahira da aka buɗe a 2024. Akwai sanyin na'ura, kuma wani kamfanin Faransa ne ke tafiyar da shi. A layi na ɗaya kuwa akwai sababbin jirage masu sanyi, akwai tsofaffi masu fanka da taga. A watan Yuli za ka ga mutane sun ƙi hawa tsohon suna jiran mai sanyi. Baƙonmu ya yi sa'a da layinsa, sai dai kada ya ɗauka duka haka suke.

Baƙon Abbasiyya: Ni jirgin da na taɓa hawa irin wannan shi ne na Mina zuwa Arfa lokacin aikin Hajji, shi kuwa tura mu kawai aka yi rukuni-rukuni.

Tsohon Ɗalibi: To wannan kai za ka tura kanka. Ga aikin gida na ba ka. Juma'a da safe ku hau daga Abbasiyya, ku wuce Ataba ku sauka Nasir. Ku bi allon layi na ɗaya, wajen Helwan. Sadat, Sa'ad Zaglul, Sayyida Zainab, Malik Salih, Mar Girgis, ku sauka. Tikitin da ke kai tasha 16 za ku yanka don tashoshin sun haura tara. Kuna fitowa ga tsofaffin majami'un Kibɗawa, Kiristocin Masar, ɗan taku kaɗan ga masallacin Amru bin As, masallaci na farko da aka gina a Masar, sai ku yi Juma'a a can. A dawowa ku canza hanya: wajen Marg, ku sauka Sadat, ku hau na biyu wajen Shubra zuwa Ataba, sannan na uku wajen Adly Mansur. Kun taɓa layi uku da wuraren canji uku a yini ɗaya ke nan.

Ɗan Hayyul Ashir: Asabar kuma ka zo Hayyul Ashir in koya maka alamun yatsu na maikurobas, mu ga ko Malam zai iya kawo ka da metironsa.

Tsohon Ɗalibi: Zan kai shi tashar Istad ko Ard Ma'arid a layi na uku, daga nan ka karɓe shi. Kowa da iyakarsa.

Ummu Khalil: Abu ɗaya da aka manta, lokacin rufewa. Yana farawa wajen biyar na asuba, ya tashi wajen ɗaya na dare, a azumi ana ƙara lokaci saboda masu tarawihi da masu fita bayan buɗa baki. Amma kada ka dogara da jirgin ƙarshe in kana da canjin layi a gabanka. Kuma a azumin, daga azahar zuwa la'asar kowa gida yake gudu, ana dab da shan ruwa kuma za ka samu tarago kusan wayam.

Hajiyar Kasuwa: Tunda ana maganar jirgi, wanda ke zuwa Iskandariyya a ina ake hawansa? Ina son in je wannan zuwan.

Ɗan Damagaram: Wannan ba metiro ba ne Hajiya, jirgin ƙasa ne na tsakanin garuruwa, tikitinsa daban. Ki sauka Shuhada ki bi allon Mahattat Misr, kina haurowa ga babbar tashar Ramsis nan. Ki tafi da fasfonki wajen yankar tikiti, kuma in da hali ki yanka tun ana gobe.